Littafin ƙwarin lambunmu

Tun bayan asarar tumatir da muka yi a 2016 nake ajiye littafi, ina rubuta kowane ƙwaro da dodon koɗin da na gani a lambunmu na fadama, da kwanan wata. Tsutsar da ta cinye mana amfani, wato Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka ta fito, ta isa Sifaniya a 2006, kuma cikin akwatunan tumatir da dashe ta riƙa ƙetare iyakoki ba da niyyar kowa ba. Abin da ke damuna har yau shi ne, babu ɗayanmu da ya iya faɗin ranar da ya fara ganinta. Jiya ma na rubuta wani ƙaramin dodon koɗi da ban taɓa gani ba a bakin rijiya.