Gidaje huɗu a ƙarƙashin itatuwan makarantarmu

A watan Janairun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare, kuma cikin 'yan makonni makarantarmu da ke Zariya ta cika ta batse. Yaran da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba suka zo da kwanoninsu, wasu ma har da ƙannensu goye a baya. Ni a lokacin aji uku nake riƙe da shi, kuma kiran suna kaɗai kan cinye mini rabin darasin farko. Abin da ya fi damuna shi ne yaro zai yi mako biyu bai zo ba, babu wanda ya lura, domin idan na kira sunansa a cikin wannan hayaniya wani ne zai amsa a madadinsa.

Hedimastanmu ya yi makarantar kwana, kuma daga can ya ɗauko shawarar a raba yara gida-gida. Tsarin na Turawan Ingila ne, sun zo da shi tare da makarantunsu. Mu mutanen Zariya ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da ga Kwalejin Barewa nan, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, kuma gidajenta na ɗauke da sunaye irin su Lugard da Clifford da Ɗan Hausa da Nagwamatse da Bello Kagara. To amma a makarantar kwana gida na gaske ne: ɗaki ne da gadaje, da malamin da ke zagayawa da dare. A firamaren jeka-ka-dawo irin tamu, abin da ya rage na tsarin shi ne riguna masu launi huɗu da ake fitowa da su sau ɗaya a shekara ranar gasar wasanni, a sha fareti, a ɗaga kofi, a mayar da su akwati. Hedimastan kuwa so yake gidan ya yi aiki daga farkon zango zuwa ƙarshensa. Ya kira ni ofis ya ce, "Malama, ke za ki riƙe mini wannan aiki." Na ce, "Ranka ya daɗe, da wane kuɗi?" Ya ce ai da akwai kuɗi da bai neme ni ba.

Ba mu da zauren taro, sai itatuwa. Don haka kowane gida muka ba shi sunan itacen da yake taruwa a ƙarƙashinsa: Rimi, Tsamiya, Mangwaro da Darbejiya. An kawo shawarar a sa sunayen masu hannu da shuni na unguwa don su riƙa tallafa mana, na ce a'a, domin ranar da mai sunan ya ɓata da hedimasta ko ya canja jam'iyya, yaranmu ne za su shiga tsakiya. Riguna ma muka bar su. Muka sayi yadi launi huɗu aka yanka ƙananan ƙyallaye, kowane yaro ya kai gida aka ɗinka masa a kafaɗar kayan makarantarsa. Wanda ba shi da kayan makaranta, a rigar da yake zuwa da ita aka ɗinka.

Inda muka fi daɗewa shi ne rabon yaran. Da za a bi ta sauƙi, sai a ɗauki rajista a ce na ɗaya Rimi, na biyu Tsamiya, a yi ta tafiya. Wasu malamai kuma suka ce a raba unguwa-unguwa. Wannan na biyun yana da daɗin ji, amma duk wanda ya san yadda yaran unguwanni ke jifan juna bayan wasan ƙwallo ya san ba za a ƙare lafiya ba. Abin da muka tsaya a kai shi ne: 'yan gida ɗaya, wa da ƙane da 'yan uba da ɗan riƙo, duk gida ɗaya za su shiga. Sannan a cikin kowane gida aka yi ƙananan rukunoni na yara goma zuwa sha biyu waɗanda layinsu ɗaya ko hanyarsu ɗaya, aka ɗora musu yaya daga aji biyar ko shida. Rukunonin kowace unguwa kuma aka watsa su cikin gidaje huɗun, ta yadda babu gidan da zai zama na unguwa kaza.

Wannan yayan shi ne ƙashin bayan aikin. Aikinsa ɗaya ne tak: bayan taron safe ya ƙirga 'yan rukuninsa, ya je ya gaya wa malamin gida wanda bai zo ba, da dalili idan ya sani. Kuma kusan kullum ya sani, domin ta ƙofar gidansu ya wuce. "Malama, Innarsu ce ta haihu." "Malama, an tafi da shi gona." "Malama, takalminsa ne ya tsinke." Ba a ba yaya bulala ba, ba a ba shi ikon sa kowa kamun kunne ko tsallen kwaɗo ba. Na nace a kan wannan, domin na taɓa ganin abin da monita ɗan shekara sha biyu ke yi da tsumagiya idan malami ya fita.

Kowane gida yana da malami namiji da malama mace, kuma wannan ba ado ba ne. Yawancin gidajen da yaranmu ke fitowa ba a shiga ne. Malam iyakarsa zaure, ya yi sallama da maigida, a gaisa, a ce masa in sha Allahu gobe yaro zai zo. Ni kuwa sai in kutsa har tsakar gida in zauna a tabarma, kuma a nan ne ake jin gaskiyar magana. Ƙa'idarmu ita ce idan yaro ya yi kwana uku a jere bai zo ba, a aika yaya da saƙo. Idan ya cika mako, malamin gida ya taka da ƙafarsa. Idan abin ya gagara sai a kai wa kwamitin kula da makaranta, wanda mai unguwa da liman ke ciki. Ba kasafai ake kaiwa can ba.

Daga irin wannan ziyara ce muka canja yadda muke yi da masu makara. A da malamin horo kan tsaya a bakin ƙofa da bulala, sakamakon kuwa shi ne yaron da ya ga ya makara sai ya juya gaba ɗaya, ya yi ta yawo har a tashi. Yanzu mai makara wurin malamar gidansa yake zuwa a tambaye shi dalili. Da muka tara amsoshin sai muka ga yawancinsu mata ne, kuma tallan koko da ƙosai ko ɗiban ruwa ne ke riƙe su. Wata uwa ta ce mini, "Malama, in ba ta sayar ba, da me zan ba ƙannenta kuɗin tara?" Ba ni da amsa, kuma ban je don in yi mata wa'azi ba. Muka yi sulhu: yarinyar ta fita da wuri, abin da ya rage ta zo da shi makaranta ta ajiye a ɗakin malamai, a saye lokacin tara. Ba mu hana talla ba, ba mu da ƙarfin hana shi. Amma ta daina rasa darasin lissafi, wanda shi ne na farko a jadawalin ajinsu.

A taron gida na ranar Alhamis, wanda ba ya wuce minti ashirin, abubuwa kan fito waɗanda ba sa fitowa a aji. Akwai yaron da aka daɗe ana kira daƙiƙi, ashe allo ne ba ya gani daga baya. Yayansa na rukuni ne ya ce kullum littafin na kusa da shi yake kwafa. Akwai yara maza masu wanka a kududdufi da ke fitsarin jini, suna ɗauka alamar girma ce, alhali tsargiya ce, kuma maganinta na nan a asibiti. Akwai 'yan matan aji shida da kan ɓace kwana huɗu ko biyar kowane wata saboda sun fara al'ada kuma bayan gidan makaranta ba shi da ƙofa. Wannan na ƙarshen kafinta ya gyara shi da rana ɗaya. Sauran kuwa mun san iyakarmu: mu ba likitoci ba ne, namu shi ne mu gaya wa iyaye, mu nuna musu hanyar asibitin sha-ka-tafi, mu sake tambaya bayan mako guda. Kuma abin da yaro ya faɗa wa malamar gidansa a asirce ba ya shiga littafin maki, ba a hira da shi a ɗakin malamai. Malamar da ta kasa riƙe bakinta, komai iya koyarwarta, ba ta dace da riƙon gida ba.

Sai maganar maki, wadda ita ce ta fi jan hankalin yara kuma ta fi haɗa malamai gardama. Muka fenta allo a bangon ofishin hedimasta, aka ja layi huɗu. Tambayar ita ce me zai kawo maki. Idan aka ce na ɗaya a jarrabawa da wanda ya fi gudu, to yara ashirin ne za su riƙa ci wa makaranta duka, sauran su zama 'yan kallo. Don haka muka fi ba da ƙarfi ga abin da kowane yaro zai iya: rukuni ya cika mako babu wanda ya yi fashi ba dalili, sharar yankin gida, mayar da abin tsintuwa, rako ɗan aji ɗaya ya tsallaka titi. A karatu kuma ba matsayi muke dubawa ba, sai ci gaba: wanda ya samu uku cikin goma a gwajin da ya wuce ya samu biyar yanzu, ya ci wa gidansa maki daidai da wanda ya samu goma cif. Wasu malamai har yau suna ganin wannan rashin adalci ne ga masu ƙoƙari. Ni a ganina mai ƙoƙari yana da ranar rabon sakamako, kuma ba a taɓa hana shi kyautarsa ba.

Ƙa'idoji biyu ne suka tsare allon daga lalacewa. Ta farko, malami ba ya ba gidansa maki. Sai dai ya ba wani gida, kuma ya rubuta dalili. In ba haka ba, son kai zai shiga, yara kuwa sun fi kowa saurin gane maguɗi. Ta biyu, ba a cire wa gida maki saboda laifin yaro ɗaya. Malamin horo ya so a riƙa cirewa, yana cewa hakan zai sa su riƙa tsawata wa juna. Gaskiya ne za su tsawata, amma a hanyar gida, da duka, kuma a kan ƙaramin da ba shi da mai tare masa. Laifi na mai shi ne, a yi masa hukunci shi kaɗai.

Da farko ƙungiyar iyaye da malamai ta kawo fensira da littattafai da sabulu don rabawa. Sun yi amfani, amma kafin ƙarshen zango sun ƙare, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne, ba ma son mu ɓullo da wani karo-karo da sunan kyauta. Abin da ya ɗore shi ne wanda ba a saya. Gidan da ya yi nasara a mako shi ke ɗaga tuta da jan taken ƙasa a mako mai zuwa, kuma daga cikinsa ake zaɓen mai buga ƙararrawa, wadda ba komai ba ce illa tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin darbejiya. Ban taɓa tsammanin yara za su yi rububin buga wannan ƙarfe haka ba. Sannan akwai 'yar takarda da muke rubutawa da Hausa, hedimasta ya sa hannu ya buga hatimi, a ba yaro ya kai gida: ɗanku ya yi kaza, mun gode. Iyaye da yawa ba su taɓa samun saƙo daga makaranta ba sai na ƙara ko na kuɗi. Wani uba ya zo da takardar a aljihu yana tambaya, "Malama, me ya yi kuma?" Da aka karanta masa sai ya ninke ta ya sa cikin hularsa.

Abu ɗaya da ba mu taɓa haɗawa da maki ba shi ne abinci. A lokutan da ake kawowa, babu gidan da ke shiga layi kafin wani don ya yi nasara, kuma babu yaron da aka hana don ya yi laifi.

Amfanin rukunonin ya fi fitowa bayan rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda korona. Da aka buɗe bayan watanni, yara da yawa ba su dawo ba: wasu an kai su koyon sana'a, wasu an tura su ƙauye, wasu kuma kawai sun saba da zaman gida. Rajistar aji suna kawai take ba mu. Littafin gida kuwa yana da layi da sunan maigida da wanda ke maƙwabtaka da shi, don haka muka bi su gida-gida. Ba duka muka samu ba, musamman manyan 'yan mata, amma mun san inda kowannensu ya shiga.

Wahalar da ba mu warware ba ita ce ta malamai. Riƙon gida ƙarin aiki ne da babu alawus a kansa, kuma kuɗin acaɓa na ziyara daga aljihun mutum yake fita. Idan aka yi wa malamar gida canjin wurin aiki, abin da ta sani game da yaranta kan tafi da ita, domin mafi muhimmancinsa ba a rubuce yake ba. Abin da muke yi yanzu shi ne kafin ta tafi ta zauna da wadda za ta gaje ta su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sannan su fita tare su gaisa da iyayen yaran da suka fi buƙatar a sa musu ido. Yayyen rukuni ma haka: a zango na uku kowane ɗan aji shida yana da mataimaki daga aji biyar, wanda zai karɓi ƙirgar a watan Satumba.