Gyaran Idon Kyamara Bayan Ya Faɗi

Duk wanda yake cin abinci da kyamara a Maraɗi, ko a wuraren biki da suna yake aiki ko a ɗakin ɗaukar hoton takardu, ya san cewa idon kyamara, wato bututun gilasan da ake ɗaurawa a gabanta, shi ne jarinsa na gaskiya, domin jikin kyamara yakan tsufa a sake shi, amma ido mai kyau yakan bi mutum daga wannan kyamara zuwa waccan shekara da shekaru. Mun saba ɗauka cewa idon da ya faɗi ya gyaru da zarar ya koma ya zauna a jikin kyamara, ya juya, ya kama fokas, ya fitar da hoto. A ganina wannan rabin gyara ne kawai, kuma rabin da ya rage, wanda shi ne mai wuya, ba a ganinsa a hannu sai a cikin hoto.

Dalili yana cikin yadda aka ƙera abin. Idon kyamara gilasai ne da yawa da aka jera a kan layi ɗaya: ƙaramin idon nan na 18-55 da yake zuwa tare da kyamarori masu yawa yana ɗauke da gilashi kamar 11, shi kuwa 24-105 na farko da Canon ta yi yana da 18 a rukuni 13. Idan aka murɗa zum, wato zoben da yake kusanto da abin da ake ɗauka ko ya nisanta shi, waɗannan rukunai suna matsawa gaba da baya a cikin bututu da aka saka a cikin wani bututun, kowanne yana tafiya a kan 'yan ƙananan tayoyin roba da suke bin kwarmin da aka yanka a jikin bututun. Tun shekarar 1987 da Canon ta fito da tsarin EF, injin da yake kama fokas a kyamarorinta ya koma cikin idon kansa, kuma da lantarki yake magana da kyamara ta 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da suke gindinsa. Daga 1995 aka fara samun idanu masu na'urar rage rawar hannu, wadda ita ma wani rukunin gilashi ne da yake lilo a tsakiya. Saboda haka faɗuwa ɗaya tana iya taɓa abubuwa uku daban: jikin da yake juyawa, wayoyin lantarki, da kuma layin da gilasan suke kai.

Nawa idon ya faɗi ne ranar hawan salla, kusa da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, lokacin da wani doki ya zabura jama'a suka ja da baya gaba ɗaya, kyamarar ta kuɓuce a cikin turmutsutsun ta sauka da hancinta a ƙasa. Hular idon ta tsage, gilashin kariyar da yake gaba ya farfashe, zobensa kuma ya lanƙwashe ya maƙale. Da na kunna kyamarar sai ta nuna saƙon cewa ba ta jin idon, zum ɗin yana cijewa a tsakiya, kuma idan aka karkata shi ana jin wani ɗan abu yana gangarawa a ciki.

A irin wannan hali abin da ya fi muhimmanci shi ne a bar abin yadda yake. Kada a murɗa zum da ƙarfi don a ga ko zai wuce wurin da ya cije, domin guntun robar da ya karye shi ne yake shiga kwarmi, kuma ƙarfin hannu yana iya mayar da ƙaramar ɓarna ta zama tsagewar bututu. Kada kuma a goge ɓaraguzan gilashi da gefen riga, a kifa idon a karkaɗe su, sannan a hure sauran da robar hura iska, saboda shafen da yake fuskar gilashin gaba siriri ne ƙwarai. Bayan haka sai a ɗaura wani ido a jikin kyamarar, a kuma ɗaura wanda ya faɗi a jikin wata kyamara, don a san wanne ne ya ji ciwo. Wannan gwajin ya nuna mini cewa kyamarata lafiya lau take.

Sai maganar wanda za a kai wa. Mai hoto a Maraɗi yana da hanyoyi uku: ko ya ba masu gyaran waya da suke kewayen babbar kasuwa, ko ya aika Yamai mai nisan fiye da kilomita 600, ko ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ya kai Kano, inda kasuwar kayan lantarki ta fi faɗi. Rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun koya mana cewa hanyar Kano ba kullum take a buɗe ba. Masu gyaran wayarmu kuwa ina girmama hannunsu, domin wasunsu suna like waya da dalma a wurin da ido da ƙyar yake gani. Sai dai sana'arsu ta saba da kayan aikin da suke cutar da idon kyamara. Sukurorin idanun da ake ƙerawa a Japan suna kama da masu kan gicciye da muka sani, amma ma'auninsu daban ne, kuma sukundireban da bai dace ba yana cinye kansu. Gam ɗin nan mai saurin kamawa yana fitar da tururi wanda yake barin farin hazo a kan gilashi. Man keken ɗinki da wasu suke ɗigawa don zum ya yi laushi yana malala da zafin garinmu har ya kai ga siraran ganyayyakin ƙarfen da suke buɗe ƙofar haske, su manne da juna. Garin neman gira sai a rasa ido.

Wani abokin sana'a ne ya haɗa ni da wani dattijo wanda ya fara da gyaran agogo, ya koma gyaran kyamarori tun zamanin fim. Da na miƙa masa idon bai taɓa sukundireba ba sai da ya juya shi kusa da kunnensa a hankali, ya leƙa ta baya a hasken ƙofa, ya ɗora gindinsa a kan wani gilashi shimfiɗaɗɗe yana danna gefe da gefe don ya ji ko yana rawa.

Na ce, "Baba, kuna ganin zai gyaru?"

Ya ce, "Ɗana, abin da ya karye zan musanya shi in Allah ya yarda. Amma abin da ya goce daga layi, wannan sai mun gwada da hoto ni da kai, domin ba ni da na'urar da kamfani yake auna shi da ita."

Wannan amsar ce ta sa na bar masa kayana. Ranar da zai buɗe shi ya yarda na zauna, kuma na ga aikin da ya cancanci a faɗa. Ya yayyafa ruwa a daɓen shagon don ƙura ta kwanta, ya tura ƙofa, ya kashe fanka duk da zafin da ake yi, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi. Zoben da ya maƙale bai yi kokawa da shi ba: ya rufe gilashin gaba da takarda mai kauri, ya yanka zoben a wuri biyu da ɗan ƙaramin zarto, sannan ya lanƙwasa shi zuwa ciki da filaya har ya saki zaren. Kowane sukuru da ya kwance yana ajiye shi a kan zanen da'ira da ya yi a takarda, daidai wurin da ya fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda abin da yake ƙasa. Kafin ya raba kowane bututu da ɗan'uwansa sai ya yi musu alama da fensir. Da ya ɗaga ƙarfen gindin, sai ga wasu siraran faifan ƙarfe a ƙarƙashinsa waɗanda ba su kai kaurin takarda ba, ya ɗauke su da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mini da waɗannan kamfani yake daidaita zaman idon tun daga masana'anta, kuma da yawa daga cikin idanun da ake kawo masa bayan wani ya buɗe su, babu su a ciki, an ɗauka datti ne an hure.

A ciki ya sami ɗaya daga cikin tayoyin robar ta fashe, ita ce take gangarawa, sannan fileks, wato siririn faifan wayoyin da yake kai wuta ga ƙofar haske, ya tsage a wurin da yake lanƙwasa. Fileks ba shi da tsada kuma ana samun sabo, amma tayar sai da aka nemo mataccen ido irin nawa daga Kano ta hannun wani direba, aka ciro daga jikinsa. Jiran kayan ya fi aikin kansa daɗewa.

Da ya haɗa shi, komai ya yi aiki. Zum ya yi laushi, fokas ya kama, saƙon da kyamara take nunawa ya ɓace, kuma a nan ne yawancinmu muke biyan kuɗi mu yi godiya mu tafi. Shi dattijon da kansa ya ce in je in gwada kafin in biya. Gwajin ba ya buƙatar komai sai ƙafar kyamara da haƙuri. A sami bango miƙaƙƙe mai zane, kamar na bulon da ba a yi wa shafe ba, a tsaya daidai gabansa, a buɗe ƙofar haske har ƙarshe, a kama fokas da hannu a tsakiya, a ɗauka a farkon zum da tsakiyarsa da ƙarshensa. Sannan a buɗe hoton a kwamfuta a ƙara girmansa, a kwatanta kusurwoyi huɗu da juna. Kowane ido kusurwoyinsa ba su kai tsakiya kaifi ba, wannan ba aibu ba ne. Aibun shi ne gefe ɗaya ya fita tar, ɗaya kuma ya yi dishi-dishi. Don a tabbatar, sai a juya kyamarar kanta ya koma ƙasa a sake ɗauka: idan dishi-dishin ya koma ɗaya gefen bangon, laifin ido ne, idan kuwa ya tsaya a inda yake, tsayuwar mai ɗauka ce ba daidai ba. Wanda ya fi son abu mai nisa yana iya amfani da hasumiyar masallaci, ya sa ta a kowace kusurwa ba tare da ya taɓa fokas ba, amma da safe, kuma ba ranar hazo ba, domin ƙurar hunturu da hucin rana suna ɓata hoton nesa ko da idon lafiya yake.

Nawa ya nuna rauni a gefen hagu, musamman a ƙarshen zum. A allon waya ba wanda zai lura, kuma hotunanmu da yawa a WhatsApp suke ƙarewa, amma aikina ya haɗa da hoton dangi a jere ranar ɗaurin aure, wanda ake wankewa babba a rataye a falo. Ba zan iya miƙa wa mutum hoton da fuskar amarya ta fita sarai, ta gwaggonta da take gefe kuma ta dushe, in ce masa haka kyamara take yi ba. Na koma da hotunan, ya duba su da tabarau, ya sake buɗe gindin, ya gano cewa ƙarfen ɗaurin ya ɗan karkace da bugun. Ya musanya shi da na mataccen idon, ya yi ta sauya zaman siraran faifan nan muna gwadawa har gefen biyu suka yi kusa da juna. Saura ɗan kaɗan ya rage a ƙarshen zum idan ƙofar haske tana buɗe duka, wanda yake ɓacewa idan na rage ta zuwa f/8, kuma ya gaya mini a fili cewa wannan ragowar tana cikin rukunin gilasan tsakiya, inda ba zai taɓa ba sai da na'ura.

Ba kowane ido ne ya cancanci wannan wahala ba. Ƙaramin 18-55 gindinsa na roba ne, kuma idan haƙoran gindin kaɗai suka karye, musanya shi aikin 'yan sukurori ne. Idan kuwa ɓarnar ta shiga ciki, sayen na hannu ya fi sauƙi. Ido mai tsada shi ne ya cancanci jira da kuɗin mota. Ƙarzuwa a gilashin gaba, wadda ita ce take fara tayar wa mutum da hankali, sau da yawa ba ta bayyana a hoto sai an fuskanci rana, alhali gocewar da ba a gani ita take lalata aiki. Shi ya sa nake ganin rashin amana ne mutum ya gyara idon da ya faɗi sama-sama ya kai shi kasuwa bai faɗa ba. Mai sayen na hannu ya duba zaren gaba ko ya loɓa, ya duba kan sukurorin gindi ko an cinye su, ya murɗa zum a hankali daga farko zuwa ƙarshe, kuma ya nemi a ba shi damar gwajin bango kafin ciniki ya faɗa.

Dattijon yana da yaro ɗaya da ya baro gyaran waya yana koyo a wurinsa, kuma babbar matsalarsu ita ce rashin abin da za a koya a kai, domin ba wanda zai ba ɗan koyo ido mai rai ya buɗe. Kusan kowane ɗakin hoto a garin nan, daga unguwar Sabon Gari zuwa ta Zariya da ta Ali Ɗan Sofo, yana da matattun idanu a cikin durowa waɗanda aka fid da rai da su. Na kai musu matattun da nake da su, har da ragowar wanda aka kawo daga Kano, kuma ina roƙon abokan sana'a su kai nasu, domin a jikinsu ne yaron zai koyi kwancewa da haɗawa, a jikinsu ne kuma za a sami taya ko ƙarfen gindin da wani daga cikinmu zai buƙata ba tare da an jira mota daga Kano ba.