Abin da aiki a ɗakin gashin kansar mama ya koya min game da fata

Ni dai a cikin duk abin da na koya a ɗakin gashi, wato inda ake gasa kansa da hasken na'ura, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne fatar mara lafiya ba a gabanmu take lalacewa ba, a gida ne. Makon farko ba ka ganin komai, mace ta zo ta kwanta a kan na'ura 'yan mintuna ta tashi tana cewa Sista ai ni ban ji komai ba, ashe shikenan? Sai wajen kwana 10 zuwa 14 fatar take fara magana, kuma tsananin abin yakan zo ne mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama gashin gaba ɗaya, lokacin ta riga ta koma Gumel ko Funtua ko ma ƙetaren iyaka, babu mu babu likita, sai 'yarta da maƙwabta kowa da maganin da zai kawo.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Hasken yana kashe ƙwayoyin da ke can ƙasan fata masu haifar da sabuwa, ta saman kuma tana ci gaba da zubewa kamar kullum, toh sai an ɗan jima kafin giɓin ya bayyana. Da can zama 25 ake yi cikin mako biyar, gire 50 kenan (gire shi ne ma'aunin yawan hasken), yanzu wurare da yawa sun koma gire 40 a zama 15, a Ingila ma binciken FAST-Forward da ya fito a 2020 ya nuna wasu matan zama biyar kacal ya ishe su. Gajeren tsarin ya fi sauƙi ga fata da aljihu, amma fa yana nufin mace za ta iya gamawa ta tafi tun abin bai fito sosai ba.

Littattafan da muka karanta duk cewa suke a duba ja, matakin farko ja ne, hotunan kuma na fatar Turawa. Toh matanmu ina jan yake? Wajen duhu yake ƙarawa, wani sa'in ya yi toka-toka ko ya riƙa sheƙi, in ba ka kwatanta da ɗaya ɓangaren ƙirjin ba wallahi sai ka rubuta lafiya lau alhali tana kwana tana susa. Shi ya sa ido kaɗai ba ya isata, ina taɓawa da bayan hannu in ji ɗumin, in tambaya, Hajiya yana ƙaiƙayi? yana raɗaɗi in rigar ta taɓa? Kuma dole a ɗaga maman a duba ƙarƙashi, a duba hammata da gindin wuya, nan ne fata ke gogar fata ga gumi, nan ake fara salewa. Matanmu da kunya da kawaici, in ka ce yaya jiki alhamdulillahi za ta ce ko da wajen na tsiyayar ruwa. Mai babban mama, mai ƙiba, mai ciwon suga, da wadda aka cire wa maman ake ɗora mata wani abu mai kamar roba a ƙirji don hasken ya kama fata sosai, waɗannan tun ranar farko nake sa musu ido.

Maganar wanka kuwa, a da hanawa ake yi, kar ruwa ya taɓa wajen har a gama, a zafin Afrilu fa! Bincike ya nuna wanka da sabulu mara ƙarfi bai ƙara komai, rashinsa ma ya fi illa. Amma in ka ce wa Bahaushiya ki yi wanka ba ka gama magana ba, don wankanmu da soso ne da dirza, wata da ruwan zafi mai tururi. Sai na faɗa dalla-dalla: ruwa mai ɗumi-ɗumi, hannu kawai, ban da soso, a tsane da tawul mai laushi ba gogewa ba, kuma alamomin da aka zana a fata don saita hasken a bar su. Wankan ibada ma babu matsala, su kan ji nauyin tambaya shi ya sa ni nake fara ɗaukowa. Akwai masu tsoron ɗaukar jikoki wai hasken zai shafe su, babu wannan, hasken na'ura ba ya bin mutum gida.

Inda aka fi shan fama shi ne abin shafawa. Ban cika tambayar kina shafa wani abu ba, a'a za a ce min, sai dai in ce Mama in ya dame ki da dare me kike sawa? Nan za ka ji man zafi, hoda, humra, man bilicin, garin magani daga wajen wata 'yar uwa, har toka na taɓa ji. Ba na faɗa, in ka yi faɗa gobe ba za a gaya maka ba. Mai mara turare a shafa siriri sau biyu a rana tun daga farkon gashi, shi muke so, kuma likitoci kan rubuta maganin shafawa mometasone ko betamethasone wanda an tabbatar yana rage ƙaiƙayi da salewa, amma ba a sa shi a inda ya buɗe. Alobera da ake ta yayi bincike bai nuna yana hana komai ba. Ƙungiyar MASCC ta masana kula da masu kansa, a shawarwarinta na 2023, ta ambaci Mepitel Film, wata siririyar leda ta silikon da ake mannawa tun ranar farko, tana aiki, sai dai tsada, ga shi gumi na ɓamɓare ta, ni a ganina ga yawancin matanmu rigar auduga mai faɗi da ajiye rigar mama mai ƙarfe ya fi kusa da abin da za su iya.

In fata ta riga ta sale tana ruwa, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a rufe da abin da ba ya mannewa, kar a kuskura a liƙa filasta a kan fatar da aka gasa don cirewa da fatar zai taho. Jibi (GV), maganin nan mai launi na shafa wa ciwo da kowa ya sani, yana busar da wajen ya tsage, ga launin ya hana a ga abin da ke ciki. Mugunya, wari, zazzaɓi, kumburi mai yaɗuwa, wannan sai asibiti a ranar. Kuma kar ta daina zuwa gashi da kanta saboda ciwon, likita ne ke yanke wannan, tsallake kwanaki yana ba kansar dama.

Ranar zaman ƙarshe kowa murna yake, a nan nake zaunar da ita tare da mai jinyarta, yawanci 'ya ko ƙanwa, in ce musu zai ƙaru kafin ya ragu, kar ku ce aikin ya ɓaci ko ciwon ya dawo, cikin mako biyu zuwa huɗu yawanci yake warkewa, duhun kuma zai iya ɗaukar watanni kuma don Allah kar a bi shi da bilicin, a kare wajen daga rana. Mai jinyar nake sa ta maimaita min da bakinta, in ba su gauze da ruwan wankin da zai kai su, in kuma akwai waya mai kyamara a gidan su turo hoton wajen bayan mako guda, a ɗauka da hasken rana ba na fitila ba.