Abin da tsofaffin taraktoci suka koya mini game da fetur a Legas

Akasarin taraktocin da ake kawo mana gareji a yankin Ikorodu masu shan gas ne, wato dizal: Massey Ferguson 135 da 375, wani lokaci Steyr irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Masu shan fetur sai jefi-jefi, kuma duk wadda ta shigo za ka tarar ta girmi bakaniken da zai taɓa ta. Akwai ƙaramar Ferguson mai ruwan toka, TE20, da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, akwai Ford 8N ta Amurka da aka yi tsakanin 1947 da 1952. Wasu na gonakin Epe da Badagry suna jan tirela, wasu kuma masu su sha'awa ce kawai ta sa suke riƙe da su. Tambayar da suke zuwa da ita ba ta canzawa: wane mai zan zuba mata, wane magani zan ƙara?

Amsar da na fi bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba, domin babu abin saye a cikinta. Waɗannan injina ba sa matse mai da iska sosai kafin fulogi ya ba da wuta. Matsin Ferguson wajen 6 ne bisa 1, na motar zamani kuwa ya kan kai 10 ko ya wuce. Lambar oktan da ake ta magana, abin da take aunawa shi ne yadda fetur yake jure matsi ba tare da ya kama da kansa ba, ba ƙarfi take ƙara wa inji ba. Fetur ɗin da kowane gidan mai na kirki yake sayarwa yau ya fi na zamanin da aka ƙera su oktan nesa ba kusa ba. Wani Alhaji mai harkar kayan gwari a Mile 12 ya taɓa zuwa da kwalbar ƙarin oktan da ya sayo a Ladipo, ya ce in juye masa. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, da kuɗin nan tiyon mai ka saya." Bai ji daɗi ba, amma ya sayi tiyon.

Maganar da ta fi ɗaure wa mutane kai ita ce ta dalma. Da can ana zuba sinadarin dalma a fetur, kuma ban da ɗaga oktan, tana barin wani ɗan shafe a mazaunin bawul na fitar hayaƙi, wanda yake hana bawul ɗin cin ƙarfen da yake zama a kai. An daina saboda gubarta. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar ta zuwa farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Daga nan aka samu kasuwar magungunan da ke maye gurbinta, yawanci masu sinadarin fotasiyam, kuma ba ƙarya ba ne, suna aiki. Sai dai cin mazaunin bawul ya fi tsanani a injin da ke gudu da sauri ƙwarai, da zafi, na tsawon lokaci. Ferguson kuwa iyakarta juyi wajen 2,000 a minti, kuma yawancin aikinta ƙasa da haka take yi. Wadda ke jan tirelar ruwa safe da yamma ba ta bukatar komai. Wadda za ta wuni tana huɗa a ƙasa mai nauyi, ita ce nake cewa a ɗan sa mata, a kuma tsaya kan iri ɗaya, kada a riƙa gauraya su.

Maigidana da ya koya mini aiki ba ya gardama a kan wannan, awo yake yi. Sai ya buɗe murfin saman inji, ya zura siririn ma'auni a tazarar bawul, ya rubuta da alli a bango. Idan an dawo da taraktar bayan wasu watanni ya sake aunawa. In tazarar bawul ɗin hayaƙi tana ta tsukewa, to mazauni na lotsawa, in tana nan yadda take, sai ya ce, "Ka gani ko? Bar mutum da kuɗinsa." In kuwa har an kai ga sauke kan inji, gara a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su dasa mazauni mai tauri, a huta da kwalba gaba ɗaya.

Abin da ke kashe tarakta a Legas ruwa ne da zama. Wanda ya saba da iskar Kano ko Katsina ba ya saurin gane wannan. Nan laima ba ta ƙarewa, ga iskar teku mai gishiri, ga ruwan Yuni da Yuli. Tankin da aka bari rabi, da rana ya yi zafi, da dare ya huce, raɓa ta taru a jikinsa ta ciki ta gangara ƙasa, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Su kuma waɗannan taraktoci ba su da famfon tura mai. Tanki na sama, mai na gangarowa da kansa zuwa kafireto, don haka abin da ya kwanta a gindi shi ne yake fara tafiya. A ƙarƙashin tankin akwai ɗan kofin gilashi da aka ɗaure da waya. Kafin in taɓa komai shi nake dubawa: fetur a sama, ruwa kwance a ƙasa da layinsa a fili, wani lokaci da jan garin tsatsa kamar an barbaɗa yaji. Kwance shi, wanke shi, goge 'yar ragar da ke samansa, ka maida. Sau da yawa gyaran ke nan.

Sai man da aka gauraya. Mutanen Legas ba su manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka yi ta mutuwa, layi ya dawo gidajen mai. Metanol da ɗan'uwansa itanol duk dangin barasa ne, suna jan ruwa daga iska, suna kuma cin tsohuwar roba da gaskit na toto, suna tayar da dattin da ya shekara manne a tanki ya je ya toshe kafireto. Gwajinsu ba wuya. Ka samu kwalba fara, ka zuba ruwa kashi 1, ka yi alama daidai inda ya tsaya, ka ƙara fetur kashi 10, ka girgiza, ka ajiye ya natsa. In ruwan ya haura alamar, akwai barasa a man. Abin dariyar shi ne, yawancin maganin da ake sayarwa da sunan mai cire ruwa daga tanki, shi ma barasar ce. Man 'yan bumburutu kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, don ba ka san me jarkar ta ɗauka jiya ba. Na san tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa sauƙi yake nema, amma kuɗin wankin kafireto ya fi ragin da za a yi maka.

Magani ɗaya da nake ganin ya ci kuɗinsa shi ne mai hana fetur lalacewa idan za a ajiye tarakta. Fetur na tsufa, a zafin nan ma ya fi sauri. Mai sauƙin kamawar ya tashi, sauran ya zama danƙo mai warin tsohon fenti. In za ta yi wata biyu ko uku a ajiye, a cika tanki fal, a sa maganin, a rufe famfon da ke sakin mai daga tanki a bar inji ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa. In ajiyar ta fi haka, a tsiyaye duka.

Akwai kuma masu tanki biyu, irin su Ferguson TED20 da Fordson Major ta farko, waɗanda ake tayar da su da fetur, in sun yi zafi a juya zuwa wani mai dangin kananzir da Turawan Ingila suka daina sayarwa tun 1974. Wasu na zuba musu zallar kananzir, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, wanda bai ƙone ba ya zurara ta gefen fistin ya tsinka baƙin mai. A da arha ce ta sa ake haka. Yanzu da kananzir ya fi fetur tsada, ina gaya musu su cika babban tankin da fetur, su cire farantin da ke rufe da bututun dumama mai don kada zafi ya yi yawa, su rage wa kafireto mai kaɗan har sai hayaƙin salansa ya washe.