Abin da makin JAMB bai gaya mini ba

Lokacin da na fara koyarwa a wata babbar makaranta a nan Kaduna, ina da wata ɗabi'a da har yau nake jin nauyinta. Da an miƙo mini sunayen sababbin ɗalibai, makin JAMB, wato jarrabawar shiga manyan makarantu, nake fara dubawa. Wanda na ga ya shigo da maki kaɗan, a zuciyata na riga na raɗa masa suna: ɗan kota, wato wanda rangwamen jiha ya shigo da shi, ba makinsa ba.

A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na masu maki mafi yawa ne, kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da makarantar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Mutane na ɗauka Arewa kaɗai ake yi wa wannan rangwame, alhali Ebonyi da Bayelsa ma suna ciki. Tushen abin shi ne raba daidai da sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Duk na san wannan a takarda, amma ban yarda da shi ba.

Wani aikin bincike kan ruwan sha ne ya sauya mini tunani. Na tura ɗalibai biyar Rigasa da takardar tambayoyi. Shugabarsu yarinya ce haziƙa daga Barnawa, unguwar da ke ƙetaren kogin Kaduna daga Rigasa, wadda ta fi kowa maki, kuma ba ta taɓa taka Rigasa ba. Suka dawo da sakamako mai daɗin ji: kusan kowane gida an ce ana tafasa ruwa kafin a sha. Har na fara yaba musu, sai wani yaro daga ƙauyen Birnin Gwari, wanda ba ya magana a aji, ya ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta Malam, tambayar ce da gyara. Ba matar da baƙo zai tsaya a zaure ya tambaye ta ko tana tafasa ruwa ta ce a'a. Kunya ce. A tambaye ta jarka nawa take saya wurin ɗan garuwa, da gawayin nawa take ƙonawa a rana."

Suka koma da tambayarsa, bayan ya kai su sun gaida mai unguwa, abin da ni malaminsu ban tuna ba. Lissafin gawayi ya nuna ba zai ishi girki da tafasa ruwa ba. Shi kuwa yaron, ranar jarrabawar JAMB ya fara zama gaban kwamfuta a rayuwarsa, tunda tun 2015 da ita ake rubutawa. Yarinyar Barnawa ce ta zauna da shi sati biyu tana koya masa shigar da alƙaluma.

Wanda ya san Kaduna ya san girman wannan zama. Tun rikicin 2000 kogi ya raba mu: Musulmi suka tattara Tudun Wada, Kawo da Rigasa, Kirista suka koma Sabon Tasha, Television da Narayi. Yaro zai girma bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da na wancan ƙetaren ba. Aji na cikin 'yan wuraren da suka rage mana.

Ban ce tsarin ba shi da aibi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan mai hali da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, ya je ƙauyen kakansa ya karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya zauna a gurbin da aka ware don irin yaron Birnin Gwari. Sannan wanda ya cancanta ɗin, in ya shigo, ba mai kama hannunsa a shekarar farko. In ya faɗi a ce ga shi nan, dama ɗan kota ne. A Amurka kotun ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a 2023, kuma na ji abokan aiki na cewa mu ma a soke namu. Ni gyara nake so: a duba firamare da sakandaren da yaro ya yi, ba garin kakansa kaɗai ba.

Yanzu ni nake raba rukunin aiki da kaina, ba na barin ɗalibai su zaɓi 'yan unguwarsu. Ranar Laraba da yamma kuma ina buɗe ɗakin kwamfuta ga 'yan shekarar farko da ba su saba da ita ba.