Kafin ka sa kaki: shawara ga yaron da zai shiga makarantar kwana ta soja

Ƙanena, tunda sunanka ya fito, na san kowa a gida yana ja maka kunne a kan fareti da gwale-gwale da tashin asuba. Waɗannan jikinka zai saba da su kafin zangon farko ya ƙare. Abin da nake jiye maka shi ne wata ɗabi'a da yaro ke ɗauka a irin wannan wuri ba tare da wani ya koya masa ba, wato ɓoye abin da ke damunsa don kada a kira shi rago. Mu da muka riga ka shiga, yawancin wahalar da muka sha daga nan ta fito. Mun ɓoye ciwon ƙafa, mun ɓoye zazzaɓi, wasunmu sun ɓoye abin da ya fi waɗannan nauyi.

Tsarin makarantar ne ke jawo haka, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. A Amurka cocin Katolika ya riƙe irin waɗannan makarantu da dama: St. Catherine's da ke Anaheim a Kalifoniya, wadda sistoci suka kafa a 1889 kafin ta koma tsarin soja, da Linton Hall a Bajiniya, da La Salle ta jihar New York da aka rufe a 2001. A nan mishan ta gina nata, irin St. John's ta Kaduna da ta zama Kwalejin Rimi, soja suka gina nasu. A 1954 aka buɗe ta Zariya da yara 30, sojan sama suka buɗe tasu a Jos a 1980. Ko ƙararrawar coci ke tashe ka ko begila, abu biyu ba sa canzawa: an yanka maka yini daƙiƙa-daƙiƙa, kuma an ɗora yaro ɗan shekara 16 a kan ɗan shekara 11, babu uwa a kusa. Ƙaramin yaro a wannan hali yakan ɗauka cewa shiru shi ne jarumta.

Fara da ƙafarka, don ita ce ke ɗauke da kai daga asuba har a kashe fitila. Ranar da za a ba ka but, gwada shi da safa mai kauri, kana tsaye. Tsakanin babban yatsanka da bakin takalmin a sami faɗin babban yatsan hannu, dunduniya kuma kada ta riƙa zamewa in ka taka. In ya matse, faɗa a ranar tun ba a rufe sito ba. Kada ka yarda da maganar cewa zai buɗe da kansa. Fata tana ɗan saki ta gefe, amma tsawo ba ya ƙaruwa. Sabon but a riƙa sa shi awa ɗaya ko biyu da yamma har ya yi laushi kafin a shiga doguwar tafiya da shi. In ya jiƙe, cire igiya, cusa masa tsohuwar jarida, ajiye a inuwa mai iska. Wanda ya kai shi bakin murhun kicin ko ya ɗora a kan kwano mai zafi zai same shi ya ƙandare ya tsage.

Wajen goge shi, gaggawa ce ke ɓata aiki. Share ƙura da ɗanyen tsumma, bari ya bushe. Shafa man Kiwi kaɗan da burushi, jira kamar minti 15, sannan ka goge da wani burushin daban. Ƙyallin da ake nema a fareti da farin ƙyalle mai laushi ake fito da shi: naɗe shi a yatsa, ɗigon ruwa ɗaya, ɗan mai kamar ƙwayar gero, kana zagayawa a hankali, shafi bisa shafi. Hancin takalmin da dunduniya kawai ake yi wa haka. Inda ƙafa ke lanƙwasawa, in ka tara mai zai farfashe da takun farko. Za ka ga masu narka mai da kyandir don su huta. Yana ƙona fatar, kuma wuta a ɗakin da ke cike da katifun soso ba abin wasa ba ce.

Safa ƙafa shida ba ta yi yawa ba, kuma kada ka maimaita wadda ta sha gumi. Da ka ji wani wuri yana zafi a dunduniya ko ƙaramin yatsa, manna filasta tun bororo bai fito ba. In ya fito ƙarami, bar shi, ka rufe. In babba ne, a asibitin makaranta za a zubar da ruwan. Kada ka ɓare fatar saman, ita ce ke kare naman da ke ƙasa, kuma kada ka bi dabarar soka allura da zare a bar zaren ya kwana a ciki, hanya ce ka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Ja yana yaɗuwa, ko mugunya, ko kaluluwa a matsematsi, alama ce ciwon ya wuce na filasta. Farce a yanke shi a miƙe, ba a bin kusurwa, in ba haka ba zai nutse cikin nama idan but ya danne shi.

Cutar fata kuwa kunya ce ke ciyar da ita. Ƙaiƙayi da farar ruɓewa a tsakanin yatsun ƙafa daga danshi suke. Tsane tsakanin yatsu bayan wanka, sa silifa a banɗaki, shafa man clotrimazole safe da dare, ka ci gaba har sati biyu bayan ƙaiƙayin ya tsaya, don yakan lafa alhali cutar tana nan. Guji man nan da ake cewa yana maganin komai. Da yawansu akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi yau, ya bar cutar ta bazu. Ƙazuwa an fi jin ta da dare, a tsakanin yatsun hannu da wuyan hannu da ƙugu da gaba. Ba a maganinta mutum ɗaya: duk ɗakin za a shafa wa magani rana guda, daga wuya zuwa ƙafa, a wanke zanen gado da ruwan zafi. Yaro ɗaya ya ɓoye tasa, bayan sati uku ta dawo wa kowa. Makeron kai daga injin aski na haɗaka yake zuwa, kuma shafi kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha ƙwaya na makonni.

Kayanka ka sa musu alama wuri biyu, ɗaya da alƙalamin da ba ya wankuwa, ɗaya da zare a inda ido ba ya kaiwa. Makullin akwati na biyu ka damƙa wa malamin gidanku. In hularka ko bel ɗinka ya ɓace ana gobe duba kaya, za a ce maka ka ɗauki na wani kawai, haka kowa ke yi. Wannan shi ne kuskuren da na fi nadama a kai, domin asarar tana gangarawa ne har ta tsaya a kan yaron da ya fi kowa ƙanƙanta, shi ne zai sha hukuncin. Kai rahoton ɓatan, ka karɓi horon yini ɗaya. Gari da sukari da madara da ƙuli-ƙuli su zauna a roba mai murfi. Ɓera yana bin abinci, kuma ta fitsarinsa da kashinsa zazzaɓin Lassa ke kama mutum.

Faɗuwa a fareti tana da dalili. In mutum ya daɗe a tsaye bai motsa ba, jini yana taruwa a ƙafafu, wanda ke kaiwa kai ya ragu. Don haka kada ka fita ba ka karya ba, sha ruwa tun da wuri, kada ka ƙame gwiwa gaba ɗaya, riƙa motsa yatsu a cikin but kana matse sha-raɓa kana saki. Babu mai gani. In kunne ya fara ƙara, ido ya fara duhu, gumi mai sanyi ya keto, durƙusa a gwiwa ɗaya nan take. Wanda ya dage yakan faɗi da fuska, kuma haƙorin da ya karye ba ya dawowa. A watan Maris da Afrilu ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi ja-ja ruwa ne ya yi maka kaɗan. In gudawa ta kama ka, haɗa ruwan leda (fiya wata) guda biyu, wato lita ɗaya, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kana kurɓa kana kan hanyar asibiti. Abokin da ya fara sambatu ko tangaɗi a cikin rana, a kai shi inuwa, a cire masa kaki, a kwarara masa ruwa, wani ya ruga kiran babba.

Zazzaɓi kada ya kwana a jikinka ba a gwada jininka ba. Farasitamol yana sauke zafin jiki ne kawai, cutar tana ci gaba. In an ce na cizon sauro ne, maganin da aka fi bayarwa sau 6 ake sha cikin kwana 3, da abinci mai maiƙo ko madara. Yara da yawa suna tsayawa a na uku don sun ji sauƙi, su ajiye sauran, ciwon ya dawo. Ciwon kai mai tsanani da amai da wuya ya ƙi lanƙwasuwa, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, sanƙarau ake zargi, kuma ba ya jiran safiya. Ko ƙarfe biyun dare ne a tashi malami. Ka yi rigakafinsa tun a gida. In kana da asma ko sikila ko farfaɗiya, ku faɗa tun wajen gwajin lafiya. Na san iyaye kan yi shiru don kada yaro ya rasa gurbi, amma wanda ke sa ku gudu bai san abin da ke jikinka ba, zai ɗauka lalaci ne.

Fitsarin kwance yana samun yara a wannan shekaru, tsoro da baƙon wuri suna ƙara shi. Juya katifa ba ya ɓoye wari. Shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, rage ruwa awa biyu kafin barci, yi fitsari dab da kashe fitila, ka sanar da ma'aikacin jinya a keɓe. Kada ka hana kanka ruwa da rana saboda shi.

Yanzu maganar siniyoyi, kuma ita na fi so ka riƙe. Aike da ɗebo ruwa da share ɗaki da tsawa, duk za ka gamu da su, ka yi haƙuri. Horo na gaskiya a fili ake yin sa, yana da dalili, yana da iyaka, kuma hafsa zai iya tsayawa ya kalla. Abin da ake jira sai an kashe fitila, ko a ja ka bayan ɗaki, zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Mari a kan kunne yana fasa dodon kunne, in ka ji ƙara ko ruwa yana fita, je a duba, kada ka ɗiga komai a ciki. In an sa ka tsallen kwaɗo har washegari cinyoyi suka kumbura, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, naman jiki ne ya lalace yana bi ta ƙoda. Asibiti a ranar, kuma ka faɗi ainihin abin da ya faru, don likita ba zai yi maganin abin da aka ɓoye masa ba.

Akwai kuma wanda zai zo maka da alheri: ya kare ka daga duka, ya ba ka madara, sannan ya fara kiran ka kai kaɗai da dare, ko ya taɓa ka inda bai dace ba, ya ce sirri ne tsakaninku. Ko ɗalibi ne, ko malami, ko mai kaki, ko mai rigar addini, laifin nasa ne, babu naka ko kaɗan, ko da ka karɓi kyautarsa. Tashi ka koma cikin mutane, ka faɗa. A bariki akwai Fada na Katolika, akwai fasto, akwai liman, ga malamin gida da ma'aikacin jinya. In kai Katolika ne ka lura da wannan: abin da ka faɗa wa Fada a wajen furta zunubi, dokar coci ta hana shi fitar da shi ko da wane dalili. In kana so ya ɗauki mataki, same shi a ofis ka gaya masa, ba a cikin wannan ibada ba. In na farko ya ce ka yi shiru don sunan makaranta, wuce wurin na biyu. Rubuta rana da wuri da waɗanda suka gani a bayan littafinka, don bayan wata guda za a tambaye ka, kuma za ka rikice.

Shekara uku kawai, kai ma za a sa maka igiyar muƙami a hannu. A lokacin za ka ji zuciyarka tana cewa ai mu ma haka aka yi mana. Yaron da ke gabanka ba shi ya yi maka ba. In ka ga juniya yana ɗingishi, ko ya daina cin abinci, ko kullum yana raɓe a bango shi kaɗai, kira shi a gaban mutane biyu ka tambaye shi, ka raka shi asibiti da kanka, don shi ba zai iya neman izini ba.

Kafin ranar tafiya, haddace lambar waya biyu, ta mahaifi ko mahaifiya da ta wani kawu ko gwaggo, don takarda tana ɓacewa. Ku kuma shirya wata kalma da Mama wadda ku biyu kaɗai kuka san ma'anarta. In ka faɗe ta a waya ko a ranar ziyara, alhali wani yana tsaye a kanka, ta san cewa sai ta nemi ganin ka kai kaɗai kafin ta bar makarantar.