Tarihin Rayuwar John Hartson, Kashi na Uku: Gwiwar da Likitoci Suka Ƙi

Makon jiya mun tsaya ne a watan Fabrairun 1997, lokacin da John Hartson, ɗan wasan gaba haifaffen Swansea a Wales, ya tattara kayansa ya bar Arsenal. Arsène Wenger ya karɓi ragamar ƙungiyar, Ian Wright da Dennis Bergkamp sun riƙe gaba gam, shi kuwa yaron Swansea zaman benci ya ishe shi. Harry Redknapp ya biya fam miliyan 3.2 ya kai shi West Ham, wadda a lokacin ruwa ya kai mata wuya a ƙasan teburin Firimiya. Tare da Paul Kitson da aka ɗauko daga Newcastle suka ciro ta daga ramin. Kaka ta gaba Hartson ya ci ƙwallo 24 a dukkan gasanni, West Ham ta ƙare ta takwas. Shekararsa 23, ga ƙarfi, ga iya saka kai, 'yan baya ba sa son haɗa kafaɗa da shi. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai ce hanya ta miƙe.

Sai ga abin da ya faru a filin atisaye na Chadwell Heath a watan Satumban 1998. Ana cikin wasan motsa jiki Hartson ya kwashe Eyal Berkovic, ɗan wasan tsakiya ɗan Isra'ila, mutumin da shi ne ke yawan ba shi ƙwallon da yake ci. Berkovic na durƙushe, ya kai wa ƙafar Hartson naushi don jin haushi. Hartson ya ɗauke shi da ƙafa a fuska. Rigima a wurin atisaye tsohuwar al'ada ce, ana yi a binne a cikin gida, amma wannan karon akwai kyamara a gefe, kuma hoton ya fita duniya ta gani. Hukumar ƙwallon Ingila ta ci shi tarar fam dubu 20, ta dakatar da shi wasa uku. Ni ban ga uzurin da za a yi masa ba, shi ma bai nema ba. Har yau idan aka tayar da maganar a gidan talabijin, cewa yake abin kunya ne da zai bi shi har kabari. Daga ranar ƙwallaye suka ƙafe masa a West Ham, jiki ya yi nauyi, cacar da muka ji labarin farkonta tun yana Luton kuma tana nan tana cin aljihunsa a ɓoye.

A watan Janairun 1999 Wimbledon ta saye shi kan fam miliyan 7.5, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba. Ƙungiya ce da a lokacin ko filin kanta ba ta da shi, haya take yi a Selhurst Park na Crystal Palace, kuma 'yan wasanta sun yi suna wajen shaƙiyanci. Ranar farko Hartson ya je atisaye cikin kwat mai tsada, ya cire ya rataye, ya shiga fili. Kafin ya dawo abokan wasansa sun cinna mata wuta. Barka da zuwan ke nan a gidan. Ya yi dariya, don ya san idan ya nuna fushi gobe takalmansa za su bi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kocin da ya kawo shi, Joe Kinnear, ya samu bugun zuciya a watan Maris, wata biyu kacal da zuwan Hartson, bai sake komawa kujerar ba. Aka ɗauko Egil Olsen, ɗan Norway ɗin nan da ya doke Brazil da ci 2-1 a gasar cin kofin duniya ta 1998. Olsen mutumin lissafi ne da allo, su kuma yaran Wimbledon sun saba da koci mai ihu da zagi da rungumar kafaɗa. Ba su fahimci juna ba. Gwiwar Hartson ta fara ba shi wahala, ya yi makonni yana jinya. A ƙarshen Afrilun 2000 suka je Bradford, wasan da kowa ya san wanda ya faɗi a cikinsa ya kusa barin Firimiya. Aka ci su 3-0, aka ba Hartson jan kati saboda baƙar maganar da ya gaya wa alƙalin wasa. Aka kori Olsen, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar ƙarshe Bradford ta doke Liverpool da ci 1-0, Wimbledon ta sha kashi a Southampton, ta faɗi bayan shekara 14 a babban rukuni.

A nan ne labarin gwiwar ya taso, kuma ya kamata mu ɗan tsaya a kansa. Mu 'yan kallo mukan ji an ce wane ya je gwajin lafiya, mu ɗauka an gama ciniki, saura hoto da riga. Alhali a ɗakin likitan ne ake yanke hukuncin. Likitan kulob ba ruwansa da ko ɗan wasa zai iya buga wasan Asabar mai zuwa. Hoton gwiwa yake dubawa, ya auna ko za ta kai ƙarshen kwantiragin shekara huɗu ko biyar, don mai kuɗi ba ya son zuba miliyoyi a kan ƙafar da kamfanin inshora zai yi tsaki a kanta. Tottenham ta nemi Hartson, kuma George Graham ne kocinta a lokacin, mutumin da ya kai shi Arsenal yana ɗan shekara 19. Ciniki ya rushe a wurin gwaji. A watan Agustan 2000 Rangers ta Glasgow, ƙarƙashin Dick Advocaat, ta daidaita da Wimbledon, ya je har Ibrox, filin Rangers, likitoci suka duba suka girgiza kai. Charlton ma haka. Sau uku ke nan, kuma kowane karo sai jaridu sun buga. Ɗan shekara 25 ya zama kamar saniyar da aka kai kara sau uku ana dawo da ita, kowane dillali ya ji labarin ƙafarta tun kafin ya gan ta.

Rangers ta juya ta sayi Tore André Flo daga Chelsea kan fam miliyan 12 a watan Nuwamba. Flo bai yi abin kunya ba, amma bai cika shekara biyu a Glasgow ba ya koma Sunderland. A riƙe wannan.

Gordon Strachan na Coventry ne ya yi kasadar. A watan Fabrairun 2001 ya ɗauke shi bisa sharaɗin biya gwargwadon wasannin da ya buga, irin yarjejeniyar da ake yi wa wanda ba a yarda da jikinsa ba. Hartson ya ci ƙwallo 6 a wasa 12. Bai hana Coventry faɗuwa ba bayan shekara 34 a sama, wato faɗuwa biyu a jere ke nan a wuyansa, amma masu ido sun ga gwiwar tana gudu. Cikinsu akwai Martin O'Neill, kocin Celtic. Hartson yakan ba da labarin cewa O'Neill ya ce masa in dai ba rami aka gano a zuciyarsa ba, to shi zai saye shi, likita ya faɗi abin da ya ga dama. A watan Agustan 2001 Celtic ta biya fam miliyan 6. Wani abin dariya, a bazarar ce Berkovic ya bar Celtic ɗin zuwa Manchester City, da sun sake haɗuwa a ɗakin sauya kaya ɗaya.

Wanda bai san Glasgow ba zai ɗauka sauya gari kawai ya yi. Gabar Celtic da Rangers ta wuce ƙwallo. Celtic ta samo asali ne daga 'yan Katolika baƙin haure daga Ireland, Rangers kuma gidan Furotesta ne, kuma iyalai sukan gaji ƙungiya kamar yadda ake gadon gona. Mutumin da Rangers ta ƙi, shekara guda bayan nan ya sa rigar abokan gabarta, yana buga gaba tare da Henrik Larsson da Chris Sutton. Ya ɗan yi jinkirin fara ci, har ana gunaguni, sai ya zura uku rigis a ragar Dundee United. Suka ɗauki kofin lig a kakar farko.

Mako guda a watan Maris na 2003 ya ishi mai son sanin waye Hartson. Ranar Lahadi 16 ga wata, wasan ƙarshe na kofin League Cup a Hampden, da Rangers. Rangers na gaba da 2-1. Hartson ya ci, mataimakin alƙali ya ɗaga tuta wai satar gida, alhali maimaicin talabijin ya nuna ba haka ba ne. Ana daf da tashi aka ba Celtic fanareti. Shi ya ɗauki ƙwallon ya ajiye, ya buga ta fita waje. Rangers ta ɗaga kofi a gabansa.

Ranar Alhamis 20 ga wata suka sauka Anfield, wasa na biyu na daf da na kusa da ƙarshe a kofin Uefa. An tashi 1-1 a Glasgow, a wasan da El Hadji Diouf na Senegal ya tofa wa wani ɗan kallo yawu. Liverpool ɗin Gérard Houllier ce, da Steven Gerrard da Michael Owen, kuma a farkon watan ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na League Cup na Ingila. Alan Thompson ya fara ci da bugun tazara da ya bi ta ƙarƙashin katanga kafin hutun rabin lokaci. Saura kamar minti goma a tashi, Hartson ya ba Larsson, Larsson ya mayar masa, ya kauce wa Dietmar Hamann, ya saki wani dogon bugu da ƙafar dama daga wajen da'ira. Jerzy Dudek ya yi tsalle a banza, ƙwallo ta shige ta saman kusurwa. Ƙungiyar da yake goyon baya tun yana yaro ce ya fitar, gidan gwaninsa Ian Rush.

Celtic ta wuce Boavista ta kai wasan ƙarshe a Seville ranar 21 ga Mayu, da Porto ta José Mourinho. Magoya baya kimanin dubu 80 suka bi ta Sifaniya. Hartson bai buga ba, aka ci su 3-2 bayan ƙarin lokaci. Abin da ya hana shi bugawa ciwon baya ne da ya kai shi ga tiyata. Gwiwar da likitoci uku suka ƙi kuwa ta ɗauke shi shekara biyar a Celtic, ƙwallaye fiye da 100, kofin lig uku.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi shi West Brom, mu ji yadda ya ajiye takalmi a 2008 ya koma sharhin wasanni, har da harshensu na Wales a tashar S4C, sannan mu zo kan watan Yulin 2009, da wani ƙullutu da ya daɗe yana ji a jikinsa yana ƙin zuwa asibiti.